Kwat ɗin Likita a Kan Matattakala

Duk shekara sai an sake haska wannan fim ɗin a 'yar silimar layinmu, duk shekara kuma sai na tarar da samari masu tabarau a ƙofa suna fashin baƙi. Wai hasken ya yi, ruwan saman ya yi, amma ƙarshen bai zauna ba. To ina zai zauna, ƙarshen da aka liƙa masa daga baya kamar maho a wando? Ni na san ɗinkin, a gabana aka yi shi.

Sunana Aranka. A 1947 ina ɗakin ɗinki na wani kamfanin fim a Los Angeles. Vilmos Radnai ɗan wasan kwaikwayo ne, ɗan garinmu, Budapest. Can gida idan ya hau dandamali har numfashi mutane suke riƙewa. Nan kuwa harshensa ne ya kashe masa kasuwa, don Turancinsa da nauyi yake fita. Duk tsawon yaƙin duniya a matsayin hafsan Jamus suke sa shi ya fito a fim, shi da ya gudo daga hannunsu da akwati ɗaya. Ina gwada masa kakin, yana kallon madubi yana cewa, "Matse wuyan, Aranka, ko Allah zai sa ya shaƙe ni in huta."

Shi kaɗai ya fito a 1938, kan cewa zai aika wa matarsa da 'yarsa takardu su biyo shi. Kafin takardu su samu, ƙofa ta rufe. Matar ta mutu a sansanin da Jamusawa suka tsare su. 'Yar, Piroska, ta rayu, ta iso wurinmu da bazarar 1947, budurwa siririya mai sa doguwar riga komai zafi. Ta ƙi sauka gidansa, a ɗakina ta sauka. Ni tana ce mini Gwaggo, amma shi ko sau ɗaya ba ta ce masa Baba ba. Yana zaune a gabanta yana shan miya za ta dube ni ta ce, "Gwaggo, tambaye shi ko a ƙara." Wallahi abin yana cin raina, amma wace ce ni da zan ce wa wadda ta fito daga can ta gyara bakinta?

Sai ga wannan fim. Irin waɗanda ake yayi ne a lokacin: titi jiƙe, hayaƙin taba, tsohon soja ya zama mai binciken kisa, ba ya barci, ba ya yarda da kowa. An shaƙe 'yar wani attajiri tana kwance ba lafiya a ɗakin sama. Vilmos ne likitanta, kowa yana zarginsa, a ƙarshe sai a gane saurayinta ne, wani farin yaro mai murmushi. Karon farko kenan da aka ba shi mutumin kirki. Akwai wurin da yake zaune bakin gadon yarinyar, ta riƙe hannunsa tana tsoro, ya ce mata, "Ba inda za ni. Ina nan har gari ya waye." Ranar da aka ɗauki wurin har masu riƙe fitilu sun yi tsit.

"Wannan nake so Piroska ta gani," ya ce mini. "Ni ban iya faɗa mata da bakina ba. Ko za ta ji shi daga bangon silima."

Al'adar kamfani ce kafin a saki fim a kai shi wani ƙaramin gari, a haska wa mutane ba sanarwa, manya su zauna a baya suna sauraron tari da tsaki. Suka je suka dawo. Da safe aka aiko mini in kawo kwat ɗin likita da malafarsa, za a gwada wa wani dogo ɗan Nebraska wanda aikinsa tsayawa a madadin wasu. Na ɗauki kwat ɗin na nufi ofishin mai shirya fim ɗin, Mista Tolliver, ko ƙwanƙwasawa ban yi ba.

"Ranka ya daɗe, me wannan gardin zai yi da kwat ɗin Vilmos?"

"Zai hau matattakala, mu ɗauke shi ta baya. Likitan ne ya yi kisan yanzu."

"Likitan da yake cikin mota tare da mai bincike lokacin da aka kashe ta?"

"Haba, Madam, wa yake duba agogo a silima?" Ya kashe tabarsa. "Tun da Vilmos ya buɗe baki masu kallo suka yanke masa hukunci. Da muka ce farin yaron ne sai suka ji mun yi musu wayo. Mutum yana son ya fita yana cewa ai dama na faɗa."

Na wurga masa kwat ɗin a kan tebur, na ce ya nemi mai ƙara wa hannun tsawo, ba dai allurata ba. Suka nema, ai tela ba ya ƙarewa a garin nan. Ba su ko kira Vilmos ba. Almakashi da kiɗa suka gama aikin.

Da yamma na same shi a gida na zayyana masa komai.

"Ka ce wa Piroska an ɗaga," na ce. "Ka ce fim ɗin ya ƙone. Ni zan tsaya maka."

"Na riga na ce mata za mu je ran da aka sake shi. Sau ɗaya na ce mata zan yi abu ban yi ba, Aranka. Ya isa."

Ranar Lahadi da rana muka shiga, Piroska a tsakiyarmu. Ba zan yi ƙarya ba, fim ɗin yana da kyau, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Inuwar labule a fuskar mai binciken, fitilar mota tana ratsa hazo, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labarin mutuwarsa. Duk namijin da ya dawo daga yaƙi a ɗakin nan ya ga kansa a bangon, har ni da na san cikin abin sai da ya ja ni.

Aka zo wurin gadon. Kalmomin suna nan yadda ya faɗe su, amma sun cire kiɗan goge mai taushi da aka sa wa wurin da farko, sun sa wani kiɗa mai kauri yana gurnani a ƙasa. "Ba inda za ni," in ji likitan, sai ɗaki ya ɗauki guna-guni, alkawari ya koma barazana. Na saci kallon Vilmos, idonsa a rufe. Can gaba sai ga bayan mutum cikin kwat da malafa yana hawa matattakala a hankali, inuwarsa ta cika bango.

Wata mata a bayanmu, bakinta cike da gugguru, ta ce wa ƙawarta, "Ban gaya miki ba? Tun da ya yi magana na san shi ne. Irinsu ai haka suke." Na yunƙura zan juya in wanke ta tas, Piroska ta danne mini gwiwa da hannu, idonta bai bar bangon ba.

Muka fito rana tana dukan ido. Vilmos ya wuce gaba da sauri, malafa a hannu, kamar wanda ake bi. Ya yi nisa kaɗan sai ta yi magana da harshenmu, kuma ba ni ta duba ba.

"Ba kai ba ne a matattakalar."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Kafaɗarka ta hagu sauka take yi in kana tafiya, tasa ba ta sauka. Ranar da ka tafi ina taga, na bi ka da ido har ka sha kwana da akwatinka. Tun daga ranar bayan nan naka nake gani. Fuskarka ta ɓace mini tun ina can, Baba, amma bayanka ko a duhu na san shi."

Ni kam kuka na yi, a tsakiyar titi, ban damu da masu kallo ba.

Ta ƙarasa inda yake, ta sa hannunta cikin nasa.

"Ka riƙa tafiya a gefena," ta ce. "Kar ka ƙara shiga gabana."