Ranar da Minista Ya Ba da Haƙuri Sau Uku

Shekara ashirin da ɗaya muka yi muna jira, tun ranar da sojoji suka shigo unguwarmu suka ƙona gidaje, suka tafi da maza goma sha bakwai da har yau ba su dawo ba. Babana kafinta ne. Shi sun bar shi da ransa, amma marin da ya sha ya kashe masa kunnen hagu.

Da lauyarmu ta dawo daga kotun ƙasa da ƙasa, a filin makaranta ta tara mu. Ta ce mun yi nasara. Tun da unguwa aka zalunta, unguwa za a yi wa diyya: gwamnati za ta gina abin da muka zaɓa, kuma ta zo da bakinta ta ba da haƙuri a gaban jama'a.

Nan fa gardama ta kaure. Direba ya ce titi, mai aski ya ce kasuwa. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda mijinta yana cikin waɗanda aka tafi da su, ta miƙe ta ce, "Duk cikinku akwai wanda ya taɓa naƙuda a bayan mota?"

Aka tsayar da shawara a kan asibiti.

Baba ya rantse ba wanda zai yi ƙofofin sai shi, duk da gwiwarsa da ke ƙara kamar tsohuwar kujera. Ni kuwa, da yake tela ce, na ɗinka labulaye. A bangon gaba aka rubuta sunayen mutanenmu da aka tafi da su.

Ranar buɗewa, da hantsi, Minista ya iso. Ya zaro takarda, ya sunkuyar da kai, ya karanta haƙurin da sauri kamar mai tsoron mota ta tashi ta bar shi. An fara tafi ke nan sai Baba ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Kunnen nan yaranku ne suka lalata shi. Ban ji ba."

Na ja masa riga, ya fizge. Minista ya dubi lauya, ita kuwa ta dubi sama. Ya sake karantawa, wannan karon da ƙarfi, a tsanake.

"Madalla," in ji Gwaggo. "To, su wa ake ba haƙurin? Ai suna da suna."

Sai Minista ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya juya ga bango, ya shiga kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya kira, danginsa su miƙe tsaye. Bai tsaya ba sai da ya kai na ƙarshe. Ya ce, "Mun zalunce ku. Ku yafe mana." Na ga mai aski, ƙato da shi, yana share hawaye da hula.

Na raɗa wa Baba, "Ai kunnen dama ka juya masa tun farko."

"Na ji sarai, 'yar nan," ya ce. "Wanda ya daɗe da ƙishirwa, kurɓi ɗaya zai ishe shi?"

Dariya ta ƙwace mini, Gwaggo ta kama, har ta zagaye filin.

Da aka yanke ƙyalle, unguwar kaf ta yi layi, alhali ba mai ko ciwon kai. Nas ta auna jinin Gwaggo ta ce lafiyarta ƙalau. Gwaggo ta haye gadon, ta miƙe ƙafa, ta ce a bar ta ta ɗan kishingiɗa tukuna, ai nata ne.