Shaida ta Biyu

"Ba wannan kwalin ba, Beryl, na takalmin marigayiya Doreen," in ji Ivor, yana haki. "Shekara arba'in muna maƙwabtaka, har yau ba ki san kwalayena ba?"

"Sha shayinka, tsoho mai rigima," na ce.

Tun da likita ya sa aka sauko da gadonsa falo na san kwana ya ƙare. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ivor makiyayin tumaki ne, kuma tun ranar da wani ɗan birni ya kira shi yokel a kasuwar dabbobi, wato baƙauye, ya sa kalmar a gaba. Shekara talatin yana cika kwalayen takalman matarsa Doreen da katuna: wa ya faɗa, a ina, yaushe. Ya haƙiƙance asalinta sunan koren tsuntsun nan ne mai ƙwanƙwasa itace, domin da wannan sunan kakarsa ke kiransa. Da ya rubuta wa masu ƙamus, suka amsa masa cikin ladabi cewa bakin mutum ɗaya ba hujja ba ne, ya kawo shaida ta biyu. Tsofaffin garinmu kuwa duk suna kwance a maƙabartar bayan coci.

Ya zaro katin kakarsa. "Mamarki fa? Ba ta taɓa kiran tsuntsun haka ba?"

Ya yi mini tambayar nan ya fi sau ɗari. Ran nan tausayi ya kama ni.

"Ta taɓa. Yanzu na tuna. Ba ni biro in sa hannu."

"A ina?"

"A... lambu."

"Mamarki 'yar birnin Birmingham, wadda ba ta bambanta kaza da agwagwa?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Na gode, Beryl. Amma ba a sa ƙarya a kwalin Doreen."

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi. Na yi kuka, na kuma ji haushin kaina da ban iya ƙarya ba.

Yanzu duk Asabar nakan hau bas zuwa gidan kula da tsofaffi, neman masa shaida ta biyu. Jiya na tambayi wata mai shekara casa'in da shida. Ta ce bari ta tuna, sai barci ya ɗauke ta. Na zauna ina jira, katin a cinyata, biro a buɗe.