Kalmar Sirrin Baba

Manaja ya leƙo ɗakin na'urori ya ce, "Kafin a tashi ki goge sunayen waɗanda ba sa aiki a nan daga na'ura. Har da na marigayi, sai haƙuri."

Marigayin Babana ne. Shekara ashirin yana kula da kwamfutocin ma'aikatar nan, ni na gaji kujerarsa da ta lotsa ta gefen hagu. Shekara biyu kafin rasuwarsa na ce masa a gaban mutane aikinsa tsohon yayi ne. Daga ranar sai gaisuwa kawai. Bai neme ni ba, ban ba shi haƙuri ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ke cin raina shi ne ko da fushina ya tafi.

Ina da ɗan shirin da na rubuta, na jingina shi da laburare, wato kayan aikin da masu manhaja suka riga suka haɗa. Ka ba shi suna da kalmar sirri, ya tambayi na'ura, ya dawo da e ko a'a. Ba ya nuna kalmar. In aka kuskure sau biyar, a rufe sunan. Abin da na iya gani kawai, Baba ya canza kalmar sirrinsa wata ɗaya kafin ya kwanta ciwo.

Fankokin na'urori suna ta gunji a hankali, 'yan korayen fitilu suna ƙiftawa. Sanyin ɗakin ya kashe mini jiki. Sai nake ganin Baba kamar yana nan, tabarau a kan karan hanci, yana buga haruffa da yatsa biyu kamar kaza na tsintar tsaba.

Na ba shirin sunan Baba, a gurbin kalmar sirri na gwada sunan Inna. A'a. Lambar tsohuwar motarsa. A'a. Sunan Yaya, ɗan lelen da ake yabo ko ya fasa tulu. A'a. Na daure na sa nawa. A'a. Wannan ta yi mini ciwo ƙwarai.

Saura ɗaya. Na lumshe ido, na ga kaina ina 'yar shekara biyar a kan cinyarsa, a kujerar nan, na ƙi sauka, yana dariya yana kirana da sunan da ya daina kirana da shi tun ranar faɗanmu. Na rubuta: kunnenƙashi.

E.

Manaja ya ƙwanƙwasa ƙofa. "Kin gama?"

"Saura ɗaya, ranka ya daɗe."

Na sake rubutawa, don dai in ga ya sake ce mini e.