Rubutun Da Zare Ya Ratsa

Ranar Litinin da hantsi Malamar ɗakin karatu ta turo ƙofar shagon Mai Gam da kafaɗa, ta dire masa kwali a kan tebur har allurai suka yi tsalle.

"Ga 'ya'yanka sun dawo," in ji ta. "Na biyun ne ya fi jin jiki. Laraba nake son shi, yara talatin da ɗaya ke layi, har sun fara yi mini kallon banza."

Shekara ashirin da biyu Mai Gam yana ɗinkin littattafai, amma bai taɓa ganin waɗanda ke shan wuya a hannun yara kamar huɗun nan da ake kira Musanya ba. Sau shida yana yi musu sabon bango. Ko layi ɗaya bai taɓa karantawa ba, shi dai nasa zare da gam da kwali.

"Wai me ke cikin littattafan nan ne, Malama? Zuma?"

"Tashin hankali ne zalla. Wata ƙasa ce aka ƙago, inda hukuma ke ɗauke duk yaron da ya cika sha biyar daga gidan iyayensa ta kai shi wani gida, wai don kada kowa ya shaƙu da kowa. Sai wata yarinya ta ce ba ta yarda ba." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Kuma don Allah kada ka datse gefen takardun. Wancan karon da ka datse, saura kaɗan su cinye ni ɗanya."

Gefen takardun nan shi ne majalisar masu karatu. Malama ta yi shekara biyu tana yaƙi da masu rubutu a cikin littafi, ta yi faɗa, ta yi barazana, ta liƙa sanarwa, duk a banza. Daga ƙarshe ta sallama, ta kafa doka uku: fensir kawai, ban da zagi, ban da faɗin ƙarshen labari. Ta farkon kaɗai ake bi.

Da ta fita, Mai Gam ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Kwanakin nan haka yake, kujera ba ta riƙe shi. Wata huɗu ke nan da rasuwar matarsa, kuma ranar Asabar mai zuwa Yaya, babbar yayarsa, za ta turo mota a ɗauki 'yarsa tilo ta koma wurinta da zama. Yaya ce ta yanke, kamar yadda ta saba yanke komai tun suna yara.

"Kai da ko shayi ba ka iya haɗawa ba, ina kai ina riƙon budurwa? Turo mini ita," ta ce masa a waya. Ya ce to. Bai taɓa ce wa Yaya wani abu ban da to ba.

Ya sanar da yarinyar ne yana tsaye a bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi, don kada su haɗa ido. Tun daga ranar ba abin da ke shiga tsakaninsu sai gaisuwa. In ya ce, "Uwata, kin tashi lafiya?" ta ce, "Lafiya lau, Baba," ta wuce. Wannan lafiya lau ɗin ta fi zagi yi masa ciwo. Ba ya son ta tafi, ko kaɗan ba ya so, amma yana tsoron ya riƙe ta ya cuce ta.

Ya jawo littafi na biyu, ya sa wuƙa ya tsinke tsohon zare, ya kankare busasshen gam, takardu suka warware ya jera su. Ko'ina rubutu ne, ƙanana da manya, wani a kan wani. Da yake hankalinsa ba ya wuri ɗaya, sai ya tsinci kansa yana karantawa.

"Babin nan ɓata lokaci ne, ku tsallake."

"Kai ne ɓata lokacin."

"In saurayin nan ya mutu na daina karatu har abada."

"To shirya dainawa."

"Wanda ya rubuta wannan na sama, ban yafe ba."

Wani kuwa ya yi dogon sharhi kamar alƙali, cewa na farko ya fi na biyu, na uku an ja shi don a cika takarda ne kawai. An ja masa layi an rubuta, "Rubuto naka mu gani." Mai Gam ya yi dariya shi kaɗai, dariyar da rabonsa da ita an kwana biyu.

A shafi na ɗari da arba'in da takwas dariyar ta tsaya. Wurin ya yi baƙi ƙirin da fensir, don nan ne rigimar ta fi zafi. Ya karanta shafin kansa tukuna: ma'aikatan hukuma sun zo ɗaukar yarinyar, ubanta ya buɗe musu ƙofa da hannunsa, ya miƙa musu jakarta, bai ce uffan ba. Masu karatu sun rabu biyu. Wasu sun ce da ya yi gardama da an kashe su duka, wasu sun ce gara a kashe su. Wata ta rubuta cewa ita uban ne ma ya fi ba ta tausayi, aka yi mata caa.

Can ƙasa akwai wani rubutu da aka danne fensir har ya fito ta bayan takarda. Ya san hannun nan, na 'yarsa ne. A kan wannan teburin ya koya mata riƙe fensir, a kan ragowar takardun da yake datsewa, kuma tun lokacin take dannewa kamar mai faɗa da takarda.

"Ba buɗe ƙofar ba ce laifinsa. Ko tambayarta bai yi ba. Matsoraci ne."

Ya karanta sau uku. Ya miƙe ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya ɗora tukunyar gam a wuta alhali ba yanzu zai yi amfani da ita ba, ya sauke. Ya ɗauki tsintsiya ya share wurin da ya riga ya share. Mai gyaran agogo na shagon kusa ya leƙo ya ce, "Lafiya kake zarya kamar wanda ya haɗiyi barkono?" Ya ce masa allura ce ta faɗi yake nema.

Ranar bai ɗinka komai ba. Ya zauna ya karanta littafi na biyu daga farko, takarda bayan takarda, yana neman inda marubucin zai wanke uban nan. Bai wanke shi ba. Mutumin ya bayyana a babi uku kacal, a duk ukun kansa a sunkuye.

Da yamma ya koma gida ya tarar da akwatin 'yarsa a buɗe a tsakar ɗaki, tana ninke kaya. Ya tsaya yana murza hula. Tambayar ta zo masa har maƙogwaro, sai ya ji bakinsa ya ce, "Akwatin nan zip ɗinsa na aiki kuwa?"

"Yana yi, Baba."

Talata ya zo shago da dabara, irin dabarar da mutum ke yi in ya rasa ƙarfin hali. Zai ba ta amsa a cikin littafin. Yara talatin da ɗaya na layi, wa zai san wanda ya rubuta? Ya fiƙe fensir, ya riƙe shi da hagu don hannun ya canza, ya zaɓi manyan baƙaƙe. Sai dai gefen waje ya cika maƙil, sama ma haka, ƙasa ma haka. Ta gefen ciki kuwa, wajen da ake ɗinkewa, fili ne fari tas, ba wanda ya taɓa shi. Takardar na shimfiɗe a gabansa ita kaɗai, ya ga wuri mai kyau, ya rubuta:

"WATAƘILA YANA GANIN CAN ZA A FI KULA DA ITA. WATAƘILA YANA TSORON IN YA TAMBAYE TA ZAI KASA SAKINTA."

Ya duba, ya ga ko shi bai gane hannunsa ba, har ya ɗan ji kansa ya yi girma. Ya haɗa takardu, ya huda, ya ɗinke da zare mai kauri, ya shafa gam, ya sa bango, ya danne da ƙarfen matsi ya kwana.

Laraba ya kai wa Malama littafin ɗakin karatu, ta karɓa tana yaba aiki. Ya tambaye ta, yana kallon wani wuri, ko wa ke gaba a layi.

"Ɗan mai kemis. Daga shi sai wasu 'yan biyu. Me ya faru?"

"A'a, tambaya ce kawai."

Ya fito ya kama hanyar shago. Bai taɓa tunanin layi ba. 'Yarsa ta riga ta karanta na biyu, me zai mai da ita gare shi kafin Asabar? Ya zuba maganar zuciyarsa a inda ɗan mai kemis ne zai karanta, wataƙila ma ya rubuta masa baƙar magana a ƙasa.

Alhamis ya liƙa bangon wani ƙamus a juye, abin da ko a shekararsa ta farko bai yi ba. Sau biyu yana rufe shago ya nufi ɗakin karatu, sau biyu yana juyowa daga kwanar titi. Yaya ta kira ta ce direba zai iso ƙarfe takwas na safe, kada a ɓata masa lokaci. Ya ce to.

Washegari da rana tsaka yana kankare bangon ƙamus ɗin nan, ƙofa ta buɗe. 'Yarsa ce, da kayan makaranta, littafi na biyu a hannunta. Rabonta da shagon tun mahaifiyarta na da rai. Ta dubi ƙaramar kujerar da marigayiyar ke zama tana taya shi ɗinki, ba ta zauna ba.

"Uwata, an tashi ne?"

"An tashi." Ta ajiye littafin a gabansa. "Yau a makaranta ba maganar da ake yi sai ta wannan. Ɗan mai kemis ne ya zo da shi. Wai an samu sabon mai kare uban nan, kuma ba a san ko wane ne ba. 'Yan ajinmu sun ce Malama ce. Wasu sun ce aljani ne, don ba wanda ya san yadda aka yi rubutun."

"Yara ke nan," in ji shi, ya ci gaba da kankara.

Ta buɗe shafi na ɗari da arba'in da takwas, ta danne littafin da tafin hannu biyu har bayansa ya yi ƙara, duk da haka rabin rubutun na can cikin lungu. Ta ciro fensir daga jaka ta miƙa masa.

"Baba, gwada rubuta wani abu a nan."

Bai karɓa ba. Ya san fensir ba zai shiga ba.

"Mu goma muka gwada," ta ce. "Kuma duba nan." Ta sa farce ta nuna. Zarensa mai kauri ya huda takarda ya ratsa ta tsakiyar kalmar SAKINTA, ya fita ta ɗaya gefen. "An yi rubutun kafin a ɗinke. A garin nan mutum nawa ne ke ganin littafin nan a warware?"

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Shekara ashirin da biyu yana gaya wa mutane cewa ɗinki na cinye gefen ciki, shi kuma ya manta.

"Kin faɗa musu?"

"Ban faɗa ba. Na dai ce da ɗan mai kemis ya ara mini zuwa gobe." Ta mayar da fensirin cikin jaka. "Ni na rubuta matsoraci. Ka gane hannuna, ko?"

"Na gane."

"Ba da kai nake ba lokacin. Tun Mama na da rai na rubuta shi." Ta share ido da bayan hannu. "Amma da ka gaya mini maganar Gwaggo kana ɗaure takalmi, sai na tuna da shi."

Ya ajiye wuƙar. Hannunsa duk gam, ya rasa inda zai sa shi. A waje mai gyaran agogo na ciniki da wani, babura na wucewa. Ya ɗago ya dube ta sosai, karo na farko cikin wata huɗu. Ta rame, kuma ta yi tsawo.

"Uwata, kina son ki je wurin Gwaggonki?"

"Ba na so."

"Ban iya girki ba. Ban iya komai na gida ba. Yaya ta fi ni..."

"Baba, ka tambaye ni, na ba ka amsa."

Ta jawo ƙaramar kujerar nan ta zauna, ta ɗauki wayarsa daga kan tebur, ta nemo lambar, ta ajiye masa a gabansa ba tare da ta danna ba. Ya daɗe yana kallon wayar. Tun yana ɗan shekara biyar yake tsoron matar nan, kuma yanzu ma tsoron yake ji, ba abin da ya ragu.

Ya goge yatsa ɗaya a jikin riga, ya danna. Ƙara biyu ta ɗauka.

"Yauwa, ƙanena. Ta gama haɗa kaya?"

Ya dubi 'yarsa. Ta naɗe hannu tana jira, littafin na buɗe a tsakaninsu.

"Yaya," in ji shi, "kada ki turo motar."