Tayoyin Gaba na Taraktar Radosav

"Taka birki, Dragoljub! Na ce ka tsaya!" Radosav ya daki gaban motata da tafin hannu.

Matarsa Milunka, da ke kujerar baya rungume da jakar kayansa, ta daka tsawa: "Kada ka kuskura! Asibiti muka nufa, likita na jira."

Na tsaya. Shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nasu tun muna samari, kuma ban taɓa cin gardama da Radosav ba. Ya fita da ƙyar, dafe da ciki, ya shige shagon tayoyi da ke bakin garin Leskovac. Muka bi shi.

Wata 'yar tsohuwar tarakta gare shi, ja, gadon mahaifinsa, da ita yake huɗar gonar tattasai a bayan gida. Tayoyinta na gaba sun tsattsage, faci kan faci. Shi kansa ciwo ya cinye shi tun girbin bara, wandonsa sai da ƙarin huji a bel.

Mai shagon, wata ƙatuwar mace mai suna Zorka, ta tono iri biyu daga can ƙarƙashi. "Wannan girman ya yi wuya yanzu, baba. Ga mai haƙora, tana kama laka amma sitiyari sai namijin hannu. Ga mai zane a miƙe, ba ta kamu sosai, amma da yatsa za ka juya ta."

"Ɗauki mai haƙora, maƙwabci," na ce. "Ƙasar gonarka laka ce zalla."

"Kai aka tambaya?" Ya juya wajen matarsa. "Zo nan, tsohuwa. Miƙo hannun nan."

Ya riƙe wuyan hannunta na dama, wanda ya taɓa karyewa da ta faɗo daga tsani, ya jujjuya shi kamar mai tayin akuya. "Wannan ba zai murɗa mai haƙora ba. Ba mu mai zane."

Milunka ta fizge hannunta, ta yi jifa da jakar, silifas ɗinsa suka watse a ƙasa.

"Au, har ka gama ke nan? Kana tsaye da ƙafarka kana shirya mini takaba? Tun girbi kake ɓoye mini, kana kurɓar barasarka kana cewa iska ce a ciki! Da ka faɗa da wuri, da yanzu ba haka ba. Sai yau za ka sallame ni da roba?"

"To me zan ba ki, Milunka? Lafiyar da ba ni da ita?"

"Ka riƙe kayanka! Ban taɓa hawa gwangwanin nan ba, kuma ba zan hau ba."

Ya saya duk da haka. Ni na tsince silifas ɗin.

A asibiti likitoci suka buɗe cikinsa, suka rufe, suka ce a mai da shi gida. Washegarin dawowarsa ya sa aka fito da shi tsakar gida cikin bargo, na ɗora tayoyin yana zagina. "Shafa sabulu a bakin, jaki! Za ka tsinke mini tib." Milunka ba ta leƙo ba, sai ƙarar tukwane muke ji daga kicin.

Daga ranar ta daina yi masa magana. "Gaya wa maƙwabcinka romonsa ya huce," haka za ta ce mini, yana kwance a gabanta. Amma ita ke ɗaga kansa, ita ke ba shi da cokali, kuma ba ta yarda kowa ya juya shi ba sai ita.

Ya rasu wata safiya ana cikin sanyi, tana ɗumama masa madara. Ta zo bakin shinge, cokalin na hannunta. "Ya yi abin da yake so," ta ce. A maƙabarta, da fadan coci ya gama addu'a, mata suka rirriƙe ta suna jiran kuka. Ta ture su, ta jefa nata dunƙulen ƙasar cikin kabarin da ƙarfi har akwatin ya yi ƙara.

Bayan masu gaisuwa sun watse, na shiga ɗauko bencin da na ara mata don zaman makoki. Na same ta a kicin cikin baƙaƙen kayanta, ta jera tsofaffin kofunan roba a kan taga, cike da ƙasa. Tana ɗaukar irin tattasai ƙwaya ƙwaya, tana dannawa da babban yatsa, leɓunanta na motsi kamar mai ƙarasa faɗa. Hasken yamma na kan hannunta. Na ɗauki bencina, na ja mata ƙofa a hankali.