Gonar Furannin Yayana

Shekara ashirin da shida ina sayar da inshora a wannan kwari namu na kudancin Oregon, ban taɓa ganin takardar da yayana Wendell ya karanta kafin ya sa hannu ba. Ko ta aurensa ma, ina jin sai da matar ta tafi ya san abin da ke ciki.

Gonar tuffa muka gada. Da kasuwarta ta mutu, jiha kuma ta halatta noman wiwi, Wendell ya sare itatuwan mahaifinmu, ya kafa rumfunan gilashi guda biyar, ya karɓo lasisinsa ya liƙa a ƙofar gona. Yana biyan haraji, jami'ai na zuwa su ƙirga masa kowane tushe. Sai dai abin da jiha ta halatta, a wurin gwamnatin tarayya har gobe laifi ne. Lauyoyin kamfaninmu suka ce ba za su taɓa kuɗin wiwi ba sai ranar da majalisa ta yi dokar da za ta kare masu inshora. Wannan doka kuwa kullum tana hanya. Na tsufa ina jiran ta.

Kamfanonin inshorar da ke karɓar irin wannan gona ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma farashinsu sai ka sayar da gonar ka biya. Don haka na yi abin da kusan kowane wakili a kwarin yake yi. A takardar inshorar Wendell, a layin da aka tambayi abin da ake nomawa, na rubuta furanni da tsirran ado. Wendell yana cin gurasa da nama a kan teburina, ya goge hannu a wando ya sa hannu. Shekara huɗu kamfani yana karɓar kuɗinsa ba ko tari, alhali manajan yankinmu da kansa ya sha wucewa ta gaban gonar, kuma hancinsa lafiya lau.

Wutar daji ta zo wata Talata da rana tsaka a watan Satumba. Kafin yamma ta lashe rumfunan, da ɗakin shanya, da motarsa, da gidan da aka haife mu. Wendell ya fito da karensa da rigar jikinsa.

An ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Kamfaninmu bai taɓa jin wannan magana ba. Suka turo mai bincike, wani siririn mutum mai ladabi wai shi Haskell, ya zaga cikin toka, ya ɗauki hoton allon lasisin da ya ƙi ƙonewa. Bayan sati biyu ya kira mu ofishina, ni da Wendell.

Tun daren da ya gabata na san yadda zancen yake, don sana'ata ce. In na ce ni na cika layin nan ina sane, to abin da wakili ya sani kamfani ya sani; duk lauyan kirki zai iya matse su su biya gida da rumfuna. Amma ni lasisina ya tafi, wataƙila har da kotu, ina da shekara hamsin da tara. In kuwa na ce abin da mai gona ya faɗa mini na rubuta, shi ya yi ƙarya, ba diyya ko sisi. Na yi niyyar faɗin gaskiya. Har a mota ina maimaita kalmomin.

Haskell ya kunna na'urar ɗaukar magana, ya turo mini takardar inshorar, ya ɗora alƙalami a kan layin.

“Malama Dorene, wannan bayanin daga bakin wa ya fito?”

Na dubi rubutuna. Na ji bakina yana cewa, “Abin da aka faɗa mini nake rubutawa.”

Kunya ta kama ni tun ban rufe baki ba, amma ban janye ba. Haskell ya juya ga yayana ya tambaye shi ko haka ne. Wendell ya jawo takardar, ya zaro tabarau, ya bi layin da yatsa a hankali yana motsa leɓe. Ya daɗe. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, wanda da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

“Haka ne,” in ji shi. “Ni na ce mata furanni.”

Haskell ya kashe na'urarsa, ya ce yana taya mu jimami, wasiƙa za ta biyo baya. Har ya yaba da kofin da ya sha a ofishina.

Muka fito waje. Hayaƙi bai gama washewa ba, motoci duk sun yi fari da toka. Wendell ya tsaya yana kallon tsaunin da gonar take, hannu cikin aljihun rigar da coci ya ba shi. Na buɗe baki na fara wani dogon bayani a kan majalisa da lauyoyi da yadda aka ɗaure wa kowa hannu. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji don kaina.

“Auta,” ya ce, “lasisin naki ya tsira ke nan?”

Na ce ya tsira.

“To madalla. Gara da aka samu abu ɗaya a gidanmu da bai ƙone ba.” Ya buɗe ƙofar motata ya sa karensa a baya. “Sauke ni a sansanin 'yan gobara, kada na rasa layin abinci.”