Kwanon Alhaji Gide

Tun da Harisu ya gama sakandare yake zaune a Sheme yana jiran aikin ofis. Lokacin kuɗin fetur ne, abokansa duk sun hau babura, shi ko tuwon gidan ubansa yake ci. Aikin farko da ya samu na Alhaji Gide ne, dillalin auduga, wanda kwanon rufinsa ya dusashe, na maƙwabcinsa Mani kuwa sabo fil.

"Ka goge mani shi da yashi har ya fi na Mani ƙyalli," in ji Alhaji. "Aikin kwanaki ne, da abincinka."

Harisu ya kafa tsani ya hau. Da ya ja bakinsa ya kama aiki, da shi ke nan. Sai karatu ya motsa.

"Alhaji, wannan dusashewar ba datti ba ce. Iska ce ta taɓa shafen saman kwanon, ta yi mashi 'yar fata, ita ke tare ruwa. In na kankare ta wata za ta fito, shafen yana raguwa. In aka kai ga ƙarfen ciki, sai tsatsa."

Alhaji ya daɗe yana kallon rufin.

"To mi za a yi mashi?"

"Ba komai. A bar shi."

"Madalla. Sauko, ɗana, Allah shi yi maka albarka."

Harisu ya sauko, ya saɓa tsanin, wanda ma aro ne, ya nufi gida. A hanya ya yi ta jinjina wa kansa. Ba kowa ke iya korar kansa daga aiki da hujja mai ƙarfi haka ba.